Idon da Ba Ya Ƙiftawa a Gidan Eilert

Suna tsakar cin abincin la'asar aka ɗauke wuta, kuma ba wanda ya ajiye cokali. A tsibirinmu, can ƙurewar arewacin duniya, cikin watannin da rana ba ta fitowa, in iska ta taso daga teku ɗauke wuta ba labari ba ne. Gunvor ta laluba aljihun tebur ta ɗauko ashana ta kunna kyandir biyu. Mijinta Eilert ya ci gaba da zare ƙayar kifi. 'Yarsu Tuva, wadda ta zo hutun Kirsimeti daga makarantar koyon jinya a Tromsø, ta ce ai gara haka, dafaffen kifin Mama ya fi kyan gani a duhu.

"Ci ki yi mini shiru, marar kunya," in ji Gunvor.

Shi kuwa Eilert wani daɗi ne ya rufe shi. Ya nuna musu ƙaramin allon da ya kafa a bangon kicin. Duk ƙauyen ya yi baƙi ƙirin, amma allon nan yana nan da ransa, yana nuna ƙofar gida, da rumfar jirgin ruwa, da katakon shanyar kifi, da tudun bayan gida. Mai aikin wayar lantarki ne, kuma gwani ne, ba mai musun wannan. Da bazara ne ya kafa kyamarorin nan huɗu, don wani yana zare masa busasshen kifi daga mashanya. Ya haɗa su da akwatin naɗi mai adana hotuna a ɗakin ƙasa, can ƙarƙashin gida, ya ajiye musu batir don irin wannan rana. Tun lokacin Gunvor ta ce masa ya kawar da wadda ke kallon tudu. Mahaifiyarsa har ta mutu ba ta taɓa zubar da ruwan zafi a wajen ba sai ta ce "ku kauce," saboda mutanen ɓoye, waɗanda ake cewa suna zaune a ƙarƙashin tudun. Eilert ya yi dariya ya ce in suna da gaskiya me ya sa suke ɓuya.

"Kwana biyu cur zai kai," ya ce yana buga tebur da yatsa. "Ni na auna, ni na lissafa. Ko wutar ta yi fushi, idona a buɗe yake."

"To, Baba, Allah ya ƙara basira," Tuva ta ce. "Miƙo dankali."

Bai kai ko kwana ɗaya ba. Kashegari da yamma, bayan ɗan shuɗin hasken nan na tsakar rana ya gushe, suna zaune kusa da murhu sai suka ji ƙara daga ɗakin ƙasa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar kwano. Allon bango ya yi fari, ya yi baƙi. A daidai lokacin kuma iskar da ta kwana ta wuni tana kaɗawa ta tsaya cak, har ana jin ƙarar itacen da ke ci a murhu. Shirun ya yi nauyi. Gunvor ta ɗaga kai daga saƙarta ta dubi mijinta, shi kuma ya ƙi dubanta.

Sai dutse ya faɗo a kan rufi. Ya gangaro a hankali, ya faɗi ta gefen taga. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Eilert ya zari tocila ya fita yana zagin 'ya'yan maƙwabta, amma ba sawun kowa a kan dusar ƙanƙara, ko na kare. Ya sunkuya ya ɗauki dutse ɗaya. Ko'ina a daskare yake, ƙasa tana can ƙarƙashin ƙanƙarar da ta kai ƙugu, amma dutsen nan da ɗanyar ƙasa a jikinsa, kuma da ɗumi kamar ƙwan da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza. Ya yar da shi ya goge hannu a wando. Da ya koma ciki ya tarar da Tuva a tsaye a tsakiyar ɗaki, ta karkata kai tana saurare.

"Wa ke kira?" ta ce.

"Ba kowa," in ji uwarta. "Zauna."

"Akwai. Wani mutum ne, yana ta cewa ina take."

An kawo wuta kashegari, amma abin bai tafi ba. Kullum da zarar shuɗin rana ya gushe sai duwatsu su fara. Eilert ya zauna gaban allo ya ƙura ido, ya ga dutse ya bayyana a sararin iska ya faɗo, ba hannu, ba mutum. Daga baya su ma suka fara jin muryar, can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana ta cikin bargo, wani lokaci daga bayan gida, wani lokaci daga ƙarƙashin daɓen katako. Tuva ta daina ci. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa da tsokana ta koma ba ta cewa uffan. Sau da dama sukan neme ta su rasa, sai su same ta a ɗakin ƙasa, babu takalmi, ta durƙusa ta manna kunne a jikin akwatin naɗi, hawaye na zuba, fuskarta kuwa ba alamar kuka. In uwar ta taɓa ta sai ta ji jikin sanyi ƙalau. Likita ya zo ya duba, ya ce rashin rana ne, ya bar ƙwayoyi da fitila mai farin haske. Tuva ta juya wa fitilar baya.

Shi Eilert, tsoro ya kama shi ƙwarai, amma irin mutanen nan ne da in tsoro ya kama su sai su ɗauko kayan aiki. Ya sauka ɗakin ƙasa da mita ya sake auna abin da kyamarorin ke ci, don ya gane yadda aka yi lissafinsa ya ba shi kunya. Da ya ga abin da mitar ta nuna sai ya zauna daɓas a kan matakala. A watan Yuni ya yi awonsa na farko, lokacin da rana ba ta faɗuwa ko da tsakar dare. Kowace kyamara tana da 'yan fitilu jajaye kewaye da idonta, waɗanda ke kunna kansu in duhu ya yi don ta iya gani. A Yuni ba su taɓa kunnuwa ba, ko sau ɗaya. A Disamba kuwa ba sa mutuwa. Cin wutar ya kusa ninkawa, ga sanyin ɗakin ƙasa ya zuƙe wa batirin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Mutumin da aka haifa a nan, ya girma a nan, ya manta da duhu! Ya hau sama ya gaya wa Gunvor, har da ɗan murna, kamar wanda ya gano bakin zaren.

Ta dube shi kawai. "Eilert, 'yarka na mutuwa a tsaye kana ba ni labarin fitila. Na kira Ravna. Gobe za ta shigo jirgin fito."

Ravna mai karatu ce, daga can ƙarshen gaɓa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai tafiya da sanda. Ita ake kira in jini ya ƙi tsayawa ko yaro ya ƙi barci, ta karanta abin da ta gada daga kakanta, kuma ba a yi mata godiya, domin godiya na karya karatun. Ta iso da tsakar rana. Ta sha gahawa kofi biyu ba ta tambayi komai ba. Ta fita ta tsaya ta daɗe tana kallon tudun bayan gida, sannan ta ɗaga kai ta kalli kyamarar da ke maƙale a ƙarƙashin rufi, ta girgiza kai.

"Kai ɗan Petra ne ko?" ta ce wa Eilert. "Uwarka ta fi ka hankali."

Ta sa aka zaunar da Tuva a kujera a tsakiyar kicin. Ta kashe fitilu, ta bar kyandir ɗaya. Ta zaro wuƙar ƙarfe daga ɗamararta ta ajiye a bakin ƙofa, ta buɗe Littafi Mai Tsarki a kan tebur, ta ɗora tafin hannu a kan yarinyar. Leɓunanta na motsi, ba a jin abin da take cewa. Waje ya yi shuɗi, ya yi toka-toka, ya yi baƙi. A ranar, dutse bai faɗo ba. Eilert na tsaye jikin bango. Can sai kan Tuva ya ɗago a hankali, bakinta ya buɗe, muryar wani dattijo ta fito, mai kauri, da irin maganar mutanen da da ba a ƙara yi.

"Ɗauke hannunki, 'yar Ánte. Ba da ke nake ba."

Gunvor ta toshe baki da hannu biyu.

"Ka san ni, ashe," in ji Ravna. "To faɗi abin da ya kawo ka jikin 'yar mutane."

"Tawa nake nema."

"Ina take?"

"Tambayi wancan." Idanun Tuva suka juya kan ubanta, kuma wallahi ba idanunta ba ne. "Mun zauna da kakanninsa lafiya. Haske nasu, duhu namu. Tun da suka jawo fitilunsu muka haƙura, muka koma jira. In an ɗauke musu wuta sai mu fito mu sha iska, mu kai shanu bakin ruwa. Ran nan duk ƙauyen ya mutu, na leƙa na ga duhu, na ce wa 'yata fita. Ashe ya bar ido a buɗe. Idon da ba ya ƙiftawa, mai gani a duhu. Ya kama ta ya ja ta cikin akwatinsa. Ina jin ta tana kirana, sai kiran ya yanke."

"Ban sani ba," Eilert ya ce. "Na rantse ban sani ba. Ɓarawon kifi nake nema."

"Hankaka ne ɓarawonka, sakarai. Buɗe akwatin ka ba ni ita, in bar maka taka."

Ravna ta dubi Eilert. "Ka ji. Za ka iya?"

Ya ce zai iya. Ya matsa gaban allo, ya koma baya zuwa yammacin da batir ya mutu. Ga tudu, fari fat, ba komai. Sai ga wata yarinya ta fito ta gefensa, da doguwar riga irin ta da, da ɗan bokiti a hannu. Ba za ta wuce sa'ar Tuva ba. Ta yi taku kaɗan, ta tsaya, ta ɗago kai ta dubi kyamarar da mamaki. A nan hoton ya tsaya. Daga ƙirjinta zuwa ƙasa ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai masu launin toka, sannan allon ya rubuta cewa wannan yanki ya lalace. Eilert ya san abin da ya faru tun kafin ya karanta. Wuta ta yanke wa faifan cikin akwatin naɗi yana tsakar rubutu. Da aka kawo wuta kuma, na'urar ta gyara kanta yadda aka ƙera ta ta yi, ta share abin da bai kammala ba. Da batirin ya ƙara ko ɗan lokaci kaɗan, da ta shige ta fita ɗaya gefen.

"Sauran fa?" in ji muryar.

Eilert ya mayar da hoton baya, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Ina sauranta?"

"Babu," ya ce.

Kukan da ya fito daga bakin Tuva, Gunvor ta ce har ta mutu ba za ta daina jin sa ba. Kofuna suka yi ta kaɗawa a kan kantar kicin. Kyandir ya kwanta ya tashi. Ravna ta riƙe kan yarinyar da hannu biyu, ta ɗaga murya tana karatu, gumi na tsattsafo mata duk da sanyin ɗakin, har kukan ya lafa ya koma nishi.

"Na ji zafinka," ta ce. "Amma wannan yarinya ba ta yi maka komai ba. A ba ka azurfa. A ba ka tunkiya. A sauke idon nan yau, a bar muku tudunku har abada."

"Tunkiya," in ji shi. "Ke ma kin haifa, 'yar Ánte."

"To da sunan wanda ya halicce ni ya halicce ka, za ka fita."

"Zan fita. Karatunki ya fi ƙarfina, na sani. Kina iya kore ni daga jikinta, amma ba ki iya kore ni daga hakkina, ke ma kin sani."

Ravna ta sunkuyar da kai. Amincewar nan tata ta fi komai tsorata Eilert.

"Ga abin da zan yi," muryar ta ce, "don darajar Petra, da ba ta taɓa ƙona mana yaro ba. Yana son kallo, to ya kalla. Idon da ya kama tawa, shi zai tsare tasa. Muddin idon akwatin nan na kanta, ba na taɓa ta. Ran da ya ƙifta, tawa ce."

"Har yaushe?" Ravna ta tambaya.

"Har tawa ta dawo."

Ta yi ta ja da shi, ta nemi ya yanka shekaru, ya ƙi. Ta nemi ya karɓi idon uwa a madadin na na'ura, ya ce idon uwa na barci. Abin da ta samu kawai shi ne ya ba su zuwa fitowar rana ta farko bayan watannin duhu su shirya. Daga nan ta ɗauke wuƙar daga bakin ƙofa ta buɗe ƙofar. Wani sanyi mai warin ɗanyar ƙasa ya ratsa ta tsakaninsu ya fita. Tuva ta zube a jikin uwarta, ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta kullum, "Mama, yunwa nake ji." Gunvor ta fashe da kuka. Ravna ta ɗauki sandarta, ba ta kalli kowa ba, ta ce iyakar abin da ta iya ke nan.

Kafin rana ta leƙo a ƙarshen Janairu, Eilert ya cika gidan da idanu. Ɗakin Tuva, kicin, falo, matakala, tsakar gida, har banɗaki, wanda ya rufe hotonsa a kan allo don kada kowa ya gani, amma dai idon na nan. Kowace kyamara sai ganinta ya haɗu da na 'yar'uwarta, don kada a sami taku ɗaya da ba ido. Ya fitar da tsohon batir ya jera sababbi a ɗakin ƙasa, ya lulluɓe bangon don sanyi, ya sayo janareta. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya auna cin kowace kyamara a cikin duhu, ya haɗa da na akwatin naɗi, ya ninka da awannin da yake so, ya ƙara kason sanyi, ya ƙara na tsufan batir, ya ƙara wanda ke ɓacewa a waya, ya bar rarar da ba a taɓawa. Duk wannan ya iya shi. Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato awa nawa zai sa. Ya tambayi tsofaffi wace ɗauke wuta ce mafi tsawo da suka sani, ya ninka abin da suka faɗa, ya kwanta, ya tashi ya ga bai isa ba.

Tuva ba ta koma makaranta ba. Ƙawayenta suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka zauna a takure suna satar kallon kusurwar rufi, daga nan sai gaisuwa ta waya. Da farko tana mai da abin wasa, takan yi wa kyamara gwalo, ta ce, "Baba, ka ga na wanke haƙora ko?" Da bazara ta zo, rana ta ƙi faɗuwa, yara na ta ihu a bakin ruwa, sai ta roƙe shi ya sa mata kyamara biyu a hanyar gaɓa, ta riƙa zuwa tana tsoma ƙafa a teku.

Ya ɗauki fensir. Bai daɗe ba ya ajiye. "Za su cinye mana kusan rabin yini daga abin da muke da shi."

"To ƙaro batir."

"Na ƙaro. Kowanne na ƙaro, na hunturu ne."

"Baba, yanzu bazara ce."

"Bazara ce ta cuce ni," ya ce. "Ki yi haƙuri, 'yata. Ki tsaya a tsakar gida."

Ba ta sake roƙonsa ba. Shi kuma, Allah sarki, bai lura ba. Yana sonta kamar ransa, kowa ya sani, amma ya koma mutumin ɗakin ƙasa. Can yake cin abinci, can yake gyangyaɗi, ido ɗaya kan mitar batir, ido ɗaya kan allo na biyu da ya kafa a wurin. Gunvor takan ce masa ya hau ya zauna da yarinyar, ya ce ai yana ganinta. Yana ganinta kuwa, 'yar ƙarama cikin allo, ba launi, tana zaune bakin taga.

Guguwar da yake tsoro ta zo a hunturu na gaba. Ta karya turakun wuta a kan dutse, ta hana jirgin fito zuwa. Janareta ya yi aikinsa har man ya ƙare, maƙwabta suka kawo abin da suke da shi, shi ma ya ƙare. Aka koma kan batir. Eilert ya cire komai daga jikin batiran, ya bar kyamarori kaɗai. Da mitar ta fara sauka sai ya shiga kashe kyamarori ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe ta tsakar gida. Ya kashe ta falo, ya ce Tuva ta daina shiga falo. Ya kashe ta kicin, inda murhu yake, uwar ta riƙa kai mata miya da bulo mai zafi naɗe cikin tawul. Ya kashe ta matakala da ta banɗaki, aka kai mata bokiti. Daga ƙarshe saura ido ɗaya, na ɗakinta, ita kuma tana kan gado cikin barguna, numfashinta na fita kamar hayaƙi. Ya kashe allon ma, sai jifa-jifa yake kunnawa ya ga tana nan. A bayan gida kuwa, duk ƙarar iska, Gunvor ta ce tana jin takun wani yana kai da komo, ba gaggawa.

Mitar ta shiga ja. Ta sauka cikin rarar da ba a taɓawa. Eilert ya durƙusa gaban batiran nan ya rungume su da jikinsa don ya ba su ɗumi, dattijo mai furfura, yana addu'ar da bai yi ba tun yana yaro. Yana nan a haka, wata yamma, sai fitilar rufi ta yi ƙyaf, ta mutu, ta kama. Firiza ta yi gurnani a sama. An kawo wuta.

Ya hau matakala da gudu yana dariya yana kuka, ya banka ƙofar ɗakinta. "Ya kai! Tuva, ya kai! Lissafin ya fita!"

Tana zaune ta haɗa gwiwa da ƙirji, da hular ulu a kanta. Ta rame ƙwarai, bai san ta rame haka ba. Ta yi masa murmushi.

"Sannu, Baba. Ka yi ƙoƙari."

"Bana zan ninka su. Wallahi ko wata guda za a yi, ba abin da zai same ki."

"Na sani," ta ce. Ta matsa ta buga gefen gadon da tafin hannu. "Zo ka zauna nan kaɗan. Ka dube ni."

"Ina zuwa. Bari in ga ko caji na shiga daidai, kada su ɗauki zafi. Yanzun nan."

"To," ta ce.

Ya sauka. Caji na shiga lafiya lau. Ya kunna allo don ya mayar mata da ɗakunanta ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga ta sauko daga gado. Ta jawo kujera zuwa kusurwa ta hau, har fuskarta ta cika allon. Ta daɗe tana kallonsa ta cikin idon, ta san yana can. Bakinta ya motsa, amma kyamarar ba ta ɗaukar sauti, don tun farko ya cire wannan saboda yana cin wuta. Sannan ta cire hularta ta rufa wa kyamarar.

Ihun da ya yi har maƙwabta sun ji. Ya faɗi a matakala ya tashi, Gunvor ta riga shi isa. Ƙofa a rufe take, taga a rufe, kujera na nan a kusurwa. Gurbin da ta zauna a kan gado da sauran ɗumi, ɗakin kuma na warin ɗanyar ƙasa. Aka nema a gaɓa, aka nema a kan dutse, 'yan sanda suka zo da karnuka, karnukan suka isa gindin tudu suka kwanta suka ƙi gaba.

Gunvor ta koma wurin 'yar'uwarta a babban yanki, ƙetaren teku. Eilert na nan. Bai cire hular ba, bai kuma bar kowa ya cire ba. Kullum yana mayar da hoton baya yana kallon bakinta, ya kawo wa mutane su duba, wani ya ce "yafe mini" ta ce, wani ya ce "sai an jima," shi dai bai gane ba. Har yanzu yana ƙara batir. In aka ɗauke wuta duk ƙauyen ya yi duhu, in ka bi ta gefen gidan za ka ga ɗan haske ta tagar ɗakin ƙasa, yana zaune gaban allo, kyamarar na ta aikinta ba ƙiftawa, tana ɗaukar cikin hula.